Wasiƙa daga Manchesta: murhun da muka sa, da hayaƙin madafar Inna

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kana lafiya, da su Inna da yara da duk mutanen gida. Na san yanzu hunturu ya kankama a Kano, kowa ya ciro kaskon wutarsa.

Ka tambaye ni a waya ko da gaske ne na koma hura itace a Ingila. Da gaske ne. Tun da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, gidaje da dama a nan suka koma wa murhun itace don ɗumama ɗaki, mu ma bana muka bi sahu. Sai dai ba irin namu na duwatsu uku ba ne. Akwati ne na ƙarfe mai kauri, da ƙofar gilashi da kake hango wutar ta cikinta, da 'yar mariƙa ta ƙara iska ko rage ta. Ba a girki a kai, iyakarsa ɗora buta.

Na shiga shagon murhu da niyyar ɗaukar babba. Mai shagon ya tambayi tsawon falonmu da faɗinsa, ya ce mai kilowat 5 (ma'aunin ƙarfin zafin murhu ke nan) ya ishe mu. Babba zai cika ɗaki da zafi, ka dinga toshe masa iska, wutar ta yi ta cin kanta a hankali tana hayaƙi. Kuma idan ya wuce kilowat 5 sai an huda bango an yi wa iska hanya. Mutumin ya hana kansa ciniki mai tsoka don ya faɗa mini gaskiya, kuma na ga girmansa.

Hayaƙi a ƙasar nan magana ce ta doka. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan na 'yan kwanaki, ya kashe mutum aƙalla 4,000, shi ya sa aka yi dokar tsabtace iska a 1956. Unguwarmu tana cikin wuraren da aka hana tayar da hayaƙi, don haka sai murhun da hukuma ta amince da shi za ka sa. Itacen ma bai tsira ba: tun Mayun 2021 aka hana sayar da ɗanye a ƙananan buhuna, sai wanda laimarsa ba ta wuce kashi 20 cikin 100 ba. Ina da 'yar na'ura mai tsinke biyu, in faskara itace in soka masa a ciki, lamba ta fito. A nan kun fi mu nesa ba kusa ba. Rana ce ke busar muku da marke da kirya kyauta, mu kuwa sai an shekara ɗaya ko biyu ana jira, ko a gasa shi a tanderu a sayar mana da tsada.

Wurin sawa ma da sauƙinku. Mai walda a Ƙofar Ruwa zai ji bayaninka yau, jibi ya kawo maka kaya. Ni sai da na yi makonni ina jiran ma'aikaci mai rajistar HETAS, ƙungiyar da ke tantance masu sa irin wannan murhu, kuma kuɗin aikin ya fi na murhun kansa. Amma na tsaya a kansa na ga abin da na biya. An fara share tsohon bututun hayaƙin gidan, sannan ya hau rufi ya zuro wani bututun ƙarfe mai lanƙwasa tun daga sama har bakin murhu. Ya kafa murhun a kan faifan dutse, ya kunna wani ɗan ƙwaya mai hayaƙi a ciki, ya fita waje ya tabbatar ta sama kaɗai yake fita. Daga ƙarshe ya maƙala ƙararrawar iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, amma tana kashe mai barci.

Daren farko na zauna ina kallon wutar tana ci jawur, ɗaki ya yi ɗumi, ko ƙaurin hayaƙi babu. Wallahi Yaya, Inna ce ta faɗo mini a rai. Na tuna kunkunniyar da ta rataya a rufin madafarta, da yadda take durƙusawa tana hura wuta idanunta na zubar da hawaye, ta share da gefen zani ta ci gaba da tuƙa tuwo. Tarin nan da take yi da asuba, ban taɓa danganta shi da murhu ba sai ranar.

Irin akwatin nan nawa ba shi da amfani a Kano, sanyinku na wata biyu ne. Bututun ne nake so mu ɗauka. Don Allah ka nemo magini ya gina mata murhu rufaffe na jan bulo mai bakin tukunya biyu, mai walda ya ja masa bututu ya fita ta rufi ya ɗara kwano tsawo. Idan ta ƙi a taɓa mata madafa, ka duba murhun Save80 da ake haɗawa a Kano, ba ya cin itace da yawa. Kuma ka ja wa yara kunne, kada wanda ya kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, komai sanyi.

Ka sa a yi lissafin bulo da ƙarfe da kuɗin aiki ka turo mini kafin Juma'a, zan aiko da kuɗin. Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce mata ina neman addu'arta.