Sharhi: Gora mai mataci da ruwan famfon Alkahira

Gora ce ta roba mai kauri, tana cin ruwa sama da rabin lita kaɗan, kuma akwai mataci dogo maƙale a cikin murfinta. Za ka cika ta a famfo, ka rufe, ka zuƙa, sai ruwan ya ratso ta cikin matacin kafin ya iso bakinka. Da ita na yi yawon Alkahira a tsakiyar zafi, lokacin da muka je ziyara da mahaifiyata, muka kuma duba ɗan yayata da ke karatu a Azhar. Hukuncina a kanta shi ne ta cancanci kuɗinta, kuma zan sake tafiya da ita. Amma ban yarda da yadda masu talla ke gabatar da irinta ba, kamar duk ruwan da ka zuba mata ya zama na sha. A Alkahira ta yi aiki ne saboda wani dalili na musamman, wanda ya kamata mai niyyar saye ya fahimta kafin ya ba ta amanar cikinsa.

Kusan duk ruwan da birnin ke sha daga Kogin Nilu yake. Ana tace shi a tashoshin ruwa, a sa masa kulorin, sannan a tura shi cikin bututu zuwa ga mutane sama da miliyan 20 da ke zaune a birnin da kewayensa. Abin da baƙo ke fara ji idan ya buɗe famfo shi ne warin kulorin ɗin, mai ƙarfi, har a ruwan wanka. Da yawa daga nan suke yanke hukunci cewa ruwan ba shi da kyau, alhali warin alama ce ta cewa an yi masa magani. Inda ake samun matsala shi ne tsakanin tasha da bakin famfo: tsofaffin bututu, da injin da ke tura ruwa sama a dogayen benaye, da tankunan da ke bisa rufin gidaje, waɗanda baƙo ba shi da hanyar sanin yaushe rabon da a wanke su. Shi ya sa a gidajen Misirawa da yawa za ka tarar da na'urar tace ruwa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ɗan yayata, wanda ke zaune a Madinatu Nasr tare da wasu ɗalibai 'yan gida, ya faɗa mini tun ranar da muka sauka: "Kawu, mu famfo muke sha, cikinmu ya saba. Amma kai da Hajiya kada ku fara."

Matacin gorar hawa biyu ne. Na farko wasu siraran zare ne masu rami a ciki, an ɗaure su dami guda, jikinsu cike da ƙofofi masu faɗin maikuron 0.2. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ƙwayoyin bakteriya, irin masu jawo taifot da kwalara da yawancin gudawar matafiya, sun fi ƙarfin waɗannan ƙofofi, ba sa wucewa. Haka ma ƙwayoyin Giardia da Cryptosporidium, masu jawo gudawa su ma, waɗanda girmansu ya kai maikuron 4 zuwa sama da 10. Hawa na biyu gawayi ne da aka sarrafa, aikinsa ya kama kulorin da wari da ɗanɗano. Abin da matacin ba ya iya tarewa shi ne bairos. Wanda ke haddasa ciwon hanta nau'in A girmansa bai wuce kimanin maikuron 0.03 ba, don haka salin-alin yake bi ta ƙofar da aka yi don bakteriya. Ba ya kuma cire gishiri, ba kuma za a dogara da shi kan dattin masana'antu ba.

To a nan ne kulorin ɗin da ake ƙyama ya zama abokin gorar. Kulorin yana kashe bairos da bakteriya sosai, amma Cryptosporidium tana jure masa. Matacin kuwa yana kama Cryptosporidium, bairos ya gagare shi. Idan ka cika gorar daga famfon da ruwansa ke gudana, yana kuma warin magani, kowannensu ya toshe ɓarakar ɗan'uwansa, daga ƙarshe gawayi ya ɗauke warin ka sha ruwa mai daɗi. Idan kuwa ruwan ya daɗe a ajiye, a buɗe, har kulorin ɗinsa ya fice, to rabin kariyar ta tafi, gorar ita kaɗai ta rage. Tunda na gane wannan, hancina ya zama ma'aunina: famfon da na ji warin kulorin a ruwansa na fi sakin jiki da shi. A masaukinmu nakan bar famfo ya zuba na ɗan lokaci da safe kafin in tara, don ruwan da ya kwana a bututu ya wuce.

Ta fuskar ɗanɗano ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Ruwan da ba ka iya haɗiya kai tsaye daga famfo, ta cikin gorar sai ya fito wasai. Ranar da muka je dalolin Giza na fi sanin darajarta. Wurin fili ne, inuwa ba ta da yawa, tafiya kuma da nisa tsakanin dala da dala, ga masu sayar da ruwa suna tsawwala kuɗi saboda sun san ba ka da zaɓi. A irin wannan zafin, rashin shan ruwa isasshe shi kansa haɗari ne, musamman ga tsofaffi da masu hawan jini ko ciwon ƙoda, kuma baƙon da ke tsoron kowane ruwa yakan ƙare da ƙishirwa da ciwon kai. Gorar ta cire mini wannan taraddadi. A filin jirgi ma ba ta ba ni wahala ba, tunda dokar hana wucewa da abin da ya haura mililita 100 ruwa ta shafa, gorar da ba komai a cikinta tana wucewa.

Wani abu da ya shiga raina a Alkahira shi ne yadda mutanenta suka ɗauki shayar da ruwa ibada. A titin Mu'izz, kusa da kasuwar Khan el-Khalili, akwai ginin sabil na Abdurrahman Katkhuda da aka gina a 1744. A da, ƙasansa wurin raba ruwa ne kyauta ga duk mai wucewa, samansa kuma makarantar koyar da yara Alƙur'ani. Irin waɗannan gine-gine suna da yawa a tsohon birnin, kuma a da masu ɗauko ruwa a salka ne ke cika rijiyoyinsu daga Nilu. Al'adar ba ta mutu ba. Har yau za ka ga na'urar sanyaya ruwa a ƙofar masallaci ko shago, wani ya ajiye sadaka don iyayensa da suka rasu, da kofi ɗaya a ɗaure. A wasu lunguna kuma tulunan ƙasa ne a jere, iska na sanyaya su. Ba na son in wuce irin wannan alheri kamar ban gan shi ba. Na'urorin da na ga an haɗa su da bututun famfo kai tsaye, na riƙa cika gorata a jikinsu, in yi wa mai sadakar addu'a, ban taɓa kofin da kowa ke sha da shi ba. Tulunan kuwa ban ɗiba ba, domin ruwansu ya zauna, kuma bakuna da yawa sun hau kansu. Wannan ba raini ba ne ga masu ajiyewa. Iyakar abin da matacina zai iya ke nan.

Yanzu ga inda ta gaza. Sai ka zuƙa da ƙarfi kafin ruwa ya fito, musamman a kwanakin farko. Hajiya ta gwada, ta miƙo mini ta ce, "Karɓi abarka, ni ba zan iya wannan kokawar da ruwa ba." Kuma tana da gaskiya: tsoho, ko ƙaramin yaro, ko mara lafiya ba zai ji daɗinta ba. Sannan ba a tsiyayo tataccen ruwa daga cikinta. Ruwan da ke cikin gorar ɗanye ne har sai ya bi ta mataci zuwa bakinka, saboda haka ba ta da amfani wajen dama wa jariri madara, ko jiƙa magani, ko zuba wa wani a kofi. Ba ta riƙe sanyi, kafin azahar ruwan ya yi ɗumi. Ba a zuba mata lemo ko zoɓo, toshewa za ta yi. Bakinta kuma yana kwasar ƙurar gari, ga hannun da ya riƙe kuɗi da ƙarfen jirgin ƙasa na cikin gari shi ne ke buɗe shi, dole kullum da dare a wanke shi da sabulu. A cikin jirgin sama ta ɗan yi yoyo a jaka saboda canjin iska, gara a zubar da ruwan kafin a tashi.

Saboda haka Hajiya wata hanya muka bi da ita. A ɗaki akwai butar lantarki, muna tafasa ruwan famfo har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, mu bar shi ya huce a rufe. Tafasawa tana kashe bakteriya da bairos da su Giardia gaba ɗaya, abin da gorar ba ta iya yi ita kaɗai. Don fita yawo kuma mukan sayi ruwan roba manya a babban kanti, mu duba zoben murfin bai tsinke ba kafin mu biya. Ga mai juna biyu, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, ko wanda ya je Masar neman magani, wannan hanyar ta Hajiya nake ba da shawara, ba gorar ba.

Akwai kuma ruwan da ke shiga cikin mutum ba ta kofin ruwa ba, kuma a ganina a nan yawancin baƙi ke kamuwa. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar cuta, ajiye ta take yi, kuma ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba. Shagunan ruwan rake suna ko'ina a Alkahira, ana matse shi a gabanka, yana da daɗi ƙwarai, amma ka lura da yadda ake ɗauraye kofunan, ka kuma ce ba ka son ƙanƙara. Karkade, wato zoɓonmu, na fi shan mai zafi. Ganyen salak da ɗanyen tumatir da ake kawowa tare da abinci na bar su, na tsaya kan abin da aka sauke daga wuta yanzu, kamar koshari da ful da gasasshen nama, da 'ya'yan itacen da zan ɓare da hannuna. Shayi kuwa na sha ba adadi, tunda tafasasshe ne. Alwala da ruwan famfo na yi ta a ko'ina, a masallacin Azhar da na Husaini da sauransu, ina kurkure baki in zubar, ban ga wata illa ba. A kan Nilu, lokacin da muka shiga kwalekwale da yamma, ban ko yi tunanin tsoma gorar a kogi ba. Ruwan kogi ba shi da kulorin, yana ɗauke da abin da gonaki da masana'antu suka zubar, kuma tsargiya ta fata take shiga, ba ruwanta da mataci.

Lafiya lau muka dawo, ba wanda ya kwanta, amma ba zan jingina wannan ga gorar ita kaɗai ba. Kafin tafiya na je asibiti an yi mini rigakafin taifot da na ciwon hanta nau'in A, kuma na saka ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa a jaka. Wanda bai samu na kemis ba zai iya haɗawa da kansa: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan gudawa ta zo da jini, ko zazzaɓi, ko mutum ya kasa riƙe ruwa a ciki, wannan na likita ne, kuma Alkahira ba ta rasa asibitoci da kantunan magani.

Ga mai son saye, sunan kamfani ba shi ne abin dubawa na farko ba. Ka juya kwalin ka nemi faɗin ƙofofin matacin. Idan ka ga 0.2 ko 0.1, to yana tare bakteriya. Akwai gorori masu araha da gawayi kawai ke cikinsu, suna gyara ɗanɗano amma ba sa tare ƙwayar cuta, kuma a ido kamarsu ɗaya da wannan. Lambar NSF 42 a jikin kwali maganar wari da ɗanɗano take yi, ba maganar cuta ba. Akwai kuma waɗanda ake dannawa da hannu, masu cire har da bairos, suna ba ka ruwan da za ka iya tsiyaya a kofi. Sun fi nauyi, sun fi tsada, amma wanda zai yi tafiya da iyali, ko zai fita ƙauyuka inda ruwan rijiya ne ko na kogi, su ya kamata ya nema. Irin tawa ta dace da mutum ɗaya mai ƙoshin lafiya da zai yini yana yawo a babban birni mai ruwan famfo da ake sa wa magani. Zaren matacin yana daɗewa, idan ya ƙare ruwa ne zai daina fitowa. Gawayin ne ke saurin gajiya, a irin tawa kamfanin ya ce a canza shi bayan kimanin lita 100, kuma za ka gane da kanka idan warin kulorin ya fara dawowa. Ka sayi na canji tun ranar da ka sayi gorar, domin kowane kamfani da irin nasa, na wata gorar ba ya shiga wata.