Wasiƙa daga Liyon ta Faransa ga masu son a aiko musu mota mai lantarki

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki na Garwa, Marwa da Kusiri a arewacin Kamaru. Tun da hoton motata ya shiga hannun mutanen gidanmu saƙonni ba su yanke ba, kuma kusan duk tambayar ɗaya ce: idan an turo kuɗi, zan iya sayen irinta in ɗora a jirgin ruwa zuwa Duwala? Na san abin da ya kawo tambayar, domin tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a shekarar 2023, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigo mana da shi daga can ana sayarwa a jarka da kwalba, ta daina zama man talaka. Na ga gara in amsa sau ɗaya a fili, kuma zan fara da wani abu da ya same ni.

Motar ta hannu ce, a wani gareji na saye ta lokacin da birnin Liyon ya fara hana tsofaffin motocin dizal shiga tsakiyarsa, ga shi ina fita aiki tun kafin asuba zuwa wani ɗakin ajiyar kaya a bayan gari. Ban taɓa yin ciniki da kamfanin da ya ƙera ta ba. Kwatsam sai ga wasiƙa daga wannan kamfani a akwatina, da sunana da lambar jikin motar. Sun ce sun gano aibi a wasu batura da aka haɗa a wani lokaci, aibin da zai iya haddasa gobara, kuma motata tana cikin waɗanda ake zargi. Suka umarce ni kada in cika cajin ya kai ƙarshe, kada in kwantar da motar a garejin ƙarƙashin bene, sannan in kira wakilinsu mafi kusa a sa mini rana. Na bi wasiƙar layi-layi ina neman inda aka rubuta abin da zan biya, ban gani ba.

Ranar da na kai motar, na tsaya ta bayan gilashi ina kallon yadda aka karɓe ta. An kewaye ta da sarƙa, an rataya allon gargaɗi mai launin ɗorawa, sannan bakanike ya zura safar hannu ta roba mai kauri wadda ta kusan kai masa gwiwar hannu, ya rufe fuska da gilashi. Kafin ya taɓa komai sai da ya cire makullin da ke raba batir da sauran jikin motar, ya kulle wurin da kwaɗo, ya jira, ya auna da na'ura har ya tabbatar wuta ta sauka. Da ya ga na ƙura ido, ya fito ya nuna mini manyan wayoyi masu ruwan lemo da ke bi ta ƙarƙashin motar, ya ce wutar da ke cikinsu ta kai bolt 400, kuma a Faransa ba a yarda bakanike ya taɓa su ba sai wanda ya yi horo na musamman aka ba shi takardar izini. Suka ba ni aron wata motar har suka gama, suka sauke batir mai nauyin sama da kilo 300 suka sa sabo, suka miƙa mini takardar da ke nuna lafiyarsa. Ko sisi ban biya ba.

Kyautar ta yi mini daɗi, amma abin da ya hana ni barci shi ne ganin mai kaya ya bi sawun wanda bai sani ba, baƙo kuma, wanda ya sayi kayan a hannu na biyu, domin ya tona asirin kayansa da kansa. Ba na cewa tsoron Allah ne ya sa su, akwai doka a kansu, akwai hukumomin da ke bin diddigi, akwai kotu da ke jira idan bene ya ƙone da mutane a ciki. Sai dai mu da addininmu ya haramta mana ɓoye aibin kayan sayarwa, yaya muke yi? A saka wa inji mai mai kauri don ya daina hayaƙi ranar ciniki, a mayar da lambar kilomita baya, a rantse da Allah cewa wata tsohuwar Baturiya ce take zuwa cefane da motar. Idan ta tsaya bayan mako guda, sai a ce wa mai saye sa'arsa ce. Da motar fetur ana yin wannan algus ɗin a yi asarar kuɗi kawai, da batir kuwa rai ake sakawa a ciki. Na tambayi kaina, da a ce na riga na aika da wannan mota Garwa, wane akwati wasiƙar za ta faɗa, kuma wane wakili zai karɓi motar? Da tana nan tana kwana a tsakar gida kusa da ɗakin yara, ba wanda ya san akwai magana.

Kada a ɗauka cewa nake waɗannan motoci bama-bamai ne. Alƙaluman da hukumar kula da agajin gaggawa ta ƙasar Suwidin ta fitar sun nuna motar fetur ko dizal ta fi mai lantarki yawan kamawa da wuta nesa ba kusa ba, kuma mu da ke ajiye jarkokin zuwa-zuwa a zaure daura da murhun mai shayi muna zaune da haɗarin da ya fi wannan. Bambancin yana wajen kashe wutar. Batirin mota ƙananan batura ne ɗaruruwa ko dubbai a jere cikin akwati ɗaya a ƙarƙashin kujeru; idan ɗaya ya lalace ya ɗau zafi sai ya kunna na kusa da shi, shi ma ya kunna na gaba, har akwatin ya kama baki ɗaya. Irin wannan wuta tana cin dubban litoci na ruwa, kuma tana iya sake tashi bayan sa'o'i ko ma kwanaki. A watan Afrilu na 2022 motocin bas biyu masu lantarki suka ƙone a Faris, nan take aka janye guda 149 na wannan samfuri daga hanya. A 2021 kamfanin General Motors ya kira dukan motocin Chevrolet Bolt, kimanin 140,000, saboda aibin batir. A watan Agusta na 2024 mota ɗaya ta kama wuta a garejin ƙarƙashin wani bene a Incheon ta Koriya ta Kudu, ta lalata motoci masu yawa, har gwamnati ta ce dole kamfanoni su riƙa bayyana wanda ya haɗa batirin kowace mota.

Saboda haka mai zaɓen mota ya fara da batir, fenti da babban allo su zo daga baya, domin kyan ɗan maciji ya yi yawa a wannan kasuwa. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai NMC, mai nikel da manganis da kobalt, wanda ya fi nisan zango amma ya fi saurin fushi da zafi, kuma ana ba da shawarar tsayar da cajinsa a kashi 80 cikin ɗari a zirga-zirgar yau da kullum. Akwai kuma LFP, wanda aka haɗa da ƙarfe da fosfet, irin wanda BYD ke amfani da shi da wasu motocin Tesla. Ya fi nauyi, zangonsa bai kai na farko ba, amma ya fi haƙuri da zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, kuma ana iya cika shi fal. A ƙasar da zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40, ni LFP zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Sai a tambaya ko ana sanyaya batirin da ruwa. Nissan Leaf ta farko ba ta da wannan tsari, kuma tun a 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda zafi ya yi kama da namu, suka fara kukan cewa batir yana raguwa da wuri. Irin waɗannan tsofaffin motoci su ne suka fi araha a nan, kuma su ne za a fara turo muku.

Yawancin kamfanoni suna ba batir garanti na shekara 8 ko kilomita 160,000, da alkawarin ba zai sauka ƙasa da kashi 70 na ƙarfinsa ba, to amma garanti ba shi da amfani a garin da babu wanda zai cika shi. Duk wanda zai sayi ta hannu ya nemi takardar gwajin lafiyar batir mai kwanan wata na kusa. Ya kuma kiyayi Renault Zoe ta farko-farko, domin da yawansu an sayar da jikin motar ne kawai, batirin haya ne ana biya wata-wata. Bakin caji ma ba ɗaya ba ne: motar Turai tana da CCS, wadda aka yi wa kasuwar Sin tana da GB/T, tsohuwar Leaf kuwa CHAdeMO take sha.

Ko a nan ɗin jin daɗin bai cika ba, kuma ba zan ɓoye muku ba. A gidan haya na bene nake. Doka ta ba ɗan haya damar kafa akwatin caji a wurin ajiye motarsa da kuɗinsa, amma sai da na rubuta wa masu kula da benen, na jira watanni, na nemo ma'aikacin lantarki mai lasisin wannan aiki. Kafin nan a bakin titi nake caji, kuma kowane kamfani da nasa katin da tasa manhajar a waya, wani yana lissafi da yawan wuta, wani da minti, wani ya ƙara tara idan ka daɗe. Sai a 2024 dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa sababbin na'urori masu sauri karɓar katin banki. Da sanyin hunturu zango yana raguwa sosai, tun da daga batirin ake ɗumama cikin motar. Wani dare ana ruwa na'ura ta ƙi karɓar katina, na kira lambar da ke jiki, inji ne ya amsa yana ce mini in danna ɗaya in danna biyu, mutane suna wucewa ba wanda ya ko dube ni. Na tuna cewa da tsakanin Pitowa da Figil ne mai ya ƙare mini, kafin in gama buɗe murfi wani yaro ya iso a kan babur da kwalba biyu, wani dattijo ya shimfiɗa tabarma ya ce in sha ruwa tukuna. Wallahi a wannan daren na yi kewar gida.

Da akwatin cajin ya samu, komai ya sauya. Ina dawowa in jona, in tashi da asuba in tarar ta cika da wutar dare mai rahusa. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa, birki yana daɗewa domin injin da kansa yake rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. Daɗin motar nan gaba ɗaya yana rataye ne a kan wurin da take kwana.

A nan ne na tsayar da yayana Alhaji, wanda ya fi kowa matsa mini. Na ce masa, Yaya, batir mai kilowat-awa 50 a soket ɗin gida yana buƙatar fiye da awa 20 wuta ba ta yanke ba. Ku kun fi ni sanin yadda rani ke yi idan ruwan Lagdo ya ja baya, madatsar da ke ba mu wuta wadda ƙarfinta megawat 72 ne tun farko, ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun ƙara megawat 30. Abin da ya fi damuna ma shi ne wayoyin gidajenmu. Muna sayen siririyar waya saboda araha, mu murɗa baki biyu mu naɗe da leda, ba wayar ƙasa, ba makullin da ke katse wuta idan ta ɓace hanya. Mota tana jan wuta kamar dutsen guga ne wanda aka bari a kunne tun daga isha har rana ta fito. Kafin batir ya yi laifi, soket ɗin bango ne zai narke. Ga hanya kuma: Garwa zuwa Marwa kimanin kilomita 200, zuwa Gaundare kusan 300 da hawan dutse, da na'urar sanyi a kunne da kaya a baya, a Figil ko a Mbe ina za a jona? Ramin da zai fasa wa motar fetur tukunyar baƙin mai, a wannan motar akwatin batir zai daka, kuma batirin da ya bugu ko ya kwana cikin ambaliya irin wadda ta ci Yagwa da Injamena a 2024 dole gwani ya duba shi ko da motar ta tashi lafiya. Na ce masa idan zirga-zirgarsa ta cikin gari ce, ya ja layi na musamman daga mita, ya sa faranti na hasken rana a kan rufi, ya kuma sayi motar a hannun dila mai wakili a Kamaru, to ina bayansa. In ba haka ba ya dakata. Ni da ina da jari, a kan babura masu lantarki zan zuba, irin waɗanda ake musanya wa batir a tasha cikin mintuna a Benin, Togo da Ruwanda, domin aikin 'yan kilando, wato masu haya da babur, bai wuce cikin gari ba.

Ina roƙon iyayen gidan gareji, masu yara almajiran aiki a ƙarƙashinsu, su ji wannan da kyau, domin motocin nan za su iso ko mun so ko ba mu so ba. Kada a bar yaro ya kai sifana ko guduma kusa da waya mai ruwan lemo, kada a kai wutar walda kusa da akwatin batir, kada a buɗe shi don a ga abin da ke ciki. Makarantunmu na fasaha su fara koyar da wannan aiki tun yanzu. Idan kuma batir ya mutu, ba irin na dalma ba ne da ake fasawa a bayan kasuwa a narkar. A ajiye shi a fili cikin inuwa, nesa da ɗakin kwana da rumbun hatsi, kada kuma a sayar wa 'yan gwangwan su sa masa gatari.