LM3886 ko TPA3116, akwati rufaffe ko mai rami: wanne ya dace da falon da ke kan sola?

Ɗan'uwa, ga yadda na fahimci tambayarka. Kana da sifika biyu masu inci 8, kowace om 8, da ka kwance daga wata tsohuwar rediyo. Kana so ka haɗa musu amfilifaya da hannunka don sauraro a falo, gidan kuma in NEPA ta ɗauke sai batirin sola mai bolt 12 da inbata. Wani ya ce maka ka gina ta da LM3886, wani ya ce ka sayi haɗaɗɗen allon TPA3116 ka huta. Duka biyun aisi ne, wato ƙananan guntayen lantarki masu ƙara ƙarfin sauti. Sannan kana so ka san ko akwatin a rufe shi ruf, ko a huda masa rami.

In don sauraro ne kawai, a gida irin naka, TPA3116 zan ce maka ba tare da dogon tunani ba. In kuwa so kake hannunka ya faɗa, ka san abin da kowane ƙarfe yake yi a cikin akwatin, to LM3886 ce makarantar. Abin da ba zan bari ya wuce ba shi ne zancen cewa ɗaya ta fi ɗaya daɗin sauti nesa ba kusa ba. In an haɗa kowacce yadda ya kamata, aka ba ta wutar da take so, ba a tura ta fiye da ƙarfinta ba, bambancin da kunne zai ji a tsakaninsu ɗan kaɗan ne a kan bambancin da sifika da akwatinta za su kawo.

Bari mu fara da yadda suke aiki, don duk sauran bambancin daga nan ya taso. LM3886 'yar ajin AB ce. Taransistocin da ke cikinta suna karɓar cikakkiyar wutar taransifoma, su miƙa wa sifika daidai abin da kiɗan yake nema, ragowar kuma su ƙona shi ya zama zafi. Kamar mai babur ne da ya murɗe totur har ƙarshe, yana daidaita gudu da birki. Zai isa inda za shi, amma birkin zai yi ja. A lissafi, iyakar abin da irin wannan tsari zai iya mayarwa sauti shi ne kashi 78.5 cikin 100 na wutar da ya ci, kuma wannan sai an ƙure murya. A muryar falo ta yau da kullum, abin da ke tafiya a zafi ya fi abin da ke isa sifika yawa.

TPA3116 kuwa ajin D ce. Taransistocinta ba sa tsayawa a tsakiya: ko dai a kunne gaba ɗaya, ko a kashe gaba ɗaya, suna wannan kunna-kashe sau 400,000 zuwa sama da miliyan ɗaya a daƙiƙa. Tsawon lokacin da suke yi a kunne shi ke ɗauke da kiɗan, sai wasu ƙananan nannaɗaɗɗun waya da kafasitoci a bakin fita su tace wannan saurin, su bar sautin kaɗai ya wuce. Taransiston da ke kunne sosai ko kashe sosai ba ya ɓarnar wuta, shi ya sa Texas Instruments, masu yin ta, suka rubuta cewa tana wuce kashi 90 cikin 100.

To a nan gidanka ya shigo maganar. LM3886 galibi ba a haɗa ta da wuta mai fuska ɗaya. Tana son wuta biyu, ta sama da ta ƙasa, da sifili a tsakiya. Ga sifikarka mai om 8, taransifoma mai 25-0-25 za ka nema, wadda bayan an gyara wutar da dayod da kafasita za ta ba ka kusan bolt 35 kowane ɓangare, a nan kuma takardar kamfanin ta ce wat 50. In sifikar om 4 ce, sai a sauko zuwa bolt 28, a samu wat 68. Duk wannan yana nufin da daddare wutarka za ta fito daga batir, inbata ta ɗaga ta zuwa 230, taransifoma ta sake sauko da ita, kowane mataki yana cin nasa kaso. Ko ba ka kunna komai ba, aisi biyun, ɗaya ga kowace sifika, suna shan kusan wat 7 a zaune. In kuma inbatarka irin mai araha ce da ba ta ba da tsabtatacciyar wuta, taransifomar za ta yi ta gurnani, wani lokaci har ka ji shi a sifika.

TPA3116 tana aiki daga bolt 4.5 zuwa 26, wuta mai fuska ɗaya. Ka ja waya biyu daga batir, ka sa fis a kusa da batirin, shi ke nan, inbata ma ka kashe ta. Sai dai kada rubutun da ke jikin allon ya ruɗe ka. Za ka ga an buga 50W + 50W, wasu ma har 100. Wannan 50 ɗin a kan sifika mai om 4 ne, da bolt 21, kuma a inda sautin ya riga ya fara fashewa. Da bolt 12 da sifika mai om 8, lissafi bai yarda a wuce wat 9 na tsabtataccen sauti ba, ko wa ya haɗa allon. Da cajar laftof mai bolt 19 za ka samu wajen wat 20, da bolt 24 wajen 30. Cajar laftof ta asali mai amfiya 4 da wani abu tana daga cikin wutar da ta fi dacewa da wannan allo, ga ta kuma ko'ina a wajen masu gyaran kwamfuta. Masu sola mai bolt 24 su kula: lokacin caji batiran suna hawa har 28.8, sun haura iyakar 26 ke nan, don haka ba a jona allon kai tsaye sai da abin rage wuta a tsakani.

Wat 9 zai yi maka kama da abin dariya, amma ba haka kunne yake lissafi ba. Ninka wat sau biyu ƙarin desibel 3 ne kacal a ma'aunin ƙarar sauti, kuma sai an ninka shi wajen sau goma mutum yake jin ƙara ta ninku. Sifikar da ke ba da desibel 90 da wat ɗaya, in ta samu wat 9 a falo, sai an fito daga ɗaki an ce ka rage. Tsofaffin sifikun rediyo masu takardar fuska marar nauyi galibi ba su da cin wuta, don an yi su ne a zamanin da amfilifaya ba ta da ƙarfi.

Zafi kuma ba abin wasa ba ne a wajenmu. LM3886 a kan bolt 35 da om 8 tana iya zubar da kusan wat 30 na zafi kowace ɗaya in aka matsa mata. Wanda ya zana allonsa a Jamus yana lissafi da ɗaki mai digiri 20 da ɗoriya. Kai kuma a watan Afrilu kana iya kai wa 40. Saboda haka alminiyon da ke shan zafinta ka sayi wanda ya fi na hoton da ka gani girma, ka bar haƙoransa a tsaye a wajen akwati inda iska za ta bi. Ka duba lambar ma da kyau: wadda ta ƙare da T, bayanta na ƙarfe a haɗe yake da wutar ƙasa, wato negatif, dole a sa mata abin raba wuta kafin a ɗaure ta, in ba haka ba alminiyon gaba ɗaya ya zama wuta. Wadda ta ƙare da TF an riga an rufe bayanta. TPA3116 ɗan alminiyon da ya zo a kanta ya ishe ta a muryar gida.

To me ya sa har yanzu mutane suke gina LM3886, ni ma nake son ta? Don ita ce ake ginawa da gaske. Ƙafafunta 11 ne, manya, ana kama su da ƙarfen dalma na yau da kullum, kayan da ke zagaye da ita kuma ba su da yawa. Wannan salo ya samo suna ne daga wata amfilifaya mai tsada da kamfanin 47 Labs na Japan ya fitar, Gaincard, wadda da masu sha'awa suka leƙa cikinta suka tarar 'yar'uwar LM3886, wato LM3875, ce da 'yan kayayyaki kaɗan. Sai kowa ya koma gida ya haɗa tasa, aka sa musu suna Gainclone. A nan za ka koyi inda ake haɗa duk wayoyin sifili a wuri guda don kashe gurnani, da dalilin nisanta wayar shigar sauti daga taransifoma. In ta lalace, kowane mai gyaran rediyo zai iya bin ta da mita. TPA3116 ƙafafu 32 ne ƙanana a manne a kan allo. Ba gini kake yi ba, jona waya kake yi, in ta ƙone kuma sabon allo ya fi gyara sauƙi.

Ga abu biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko, LM3886 ta jabu ta yi yawa, haka ma taransistocin Toshiba 2SC5200 da 2SA1943 da wasu za su ce ka koma musu. Ta jabu takan yi waƙa lafiya a ƙaramar murya, ka ɗaga ta mutu, wani lokaci ta tafi da sifikarka. In farashi ya yi arha fiye da kima, bar shi. Na biyu, ajin D yana damun rediyo. Wannan kunna-kashe nata yana fita ta wayoyin sifika, kuma in akwai dattijo a gidan da ke kama labarai a gajeren zango, zai ji huci da bai saba ji ba. Maganinsa akwatin ƙarfe, gajerun wayoyi a murɗe da juna, da nisanta rediyon.

In ka zaɓi LM3886, kunnawar farko kada ka jona sifika. Ka sa ƙwan fitila irin na da mai zare, wat 60 ko 100, a jere da wayar wutar da ke shiga taransifoma. In komai lafiya zai yi haske ya dushe, in ya tsaya da haske akwai inda waya ta haɗu. Daga nan ka auna bakin fita da mita, ka tabbata babu wutar da ta fi 'yan milibolt. Manyan kafasitocin nan kuma suna riƙe wuta bayan an zare soket.

Yanzu akwati. Sifika in ba ta cikin akwati, iskar da gabanta ya tura sai ta zagaya ta cike gurbin da bayanta ya bari, bes ya ɓace. Akwati rufaffe yana tsare iskar baya ne kawai, iskar da ke ciki kuma ta zama abin da ke dawo da takardar mazauninta. Edgar Villchur ne ya yi fice da wannan a Amurka a 1954. Mai rami ya girme shi, tun farkon shekarun 1930 Albert Thuras na Bell Labs ya yi rajistarsa. Shi ramin yana sa iskar ciki ta yi amo a wani mataki na bes, ta taya sifikar. Ribarsa bes mai zurfi da ƙarfi ba tare da ƙarin wat ba, abin da mai wat 9 zai so. Amma ƙasa da inda aka saita shi bes yana faɗuwa da sauri, desibel 24 duk lokacin da amon ya ragu da rabi, inda rufaffe ke sauka da 12 kawai. A can ƙasan kuma takardar ba ta da abin riƙe ta, sai ta yi ta lilo.

Ramin ba a huda shi da ka. Ɗauki akwati mai lita 30 da fayif na roba mai faɗin santimita 5. In tsawonsa kusan santimita 9 ne, zai yi amo a wajen has 40, wato kaɗawa 40 a daƙiƙa. Ka rage shi zuwa 5, ya hau wajen 48. Ka ƙara shi zuwa 15, ya sauka wajen 32. Wanne ne daidai, sifikar ce ke faɗa, ta wasu alkaluma da Neville Thiele na Ostireliya ya tsara a 1961, Richard Small ya faɗaɗa su a farkon shekarun 1970: Fs (matakin da sifikar ke amo ita kaɗai), Qts (yadda takardar ke ci gaba da lilo bayan an tura ta) da Vas (laushin abin da ke riƙe takardar, a ma'aunin lita). Sifika sabuwa ta kamfanin kirki tana zuwa da su, ka zuba su a manhajar WinISD, kyauta ce, ta ba ka girman akwati da tsawon fayif. Qts in ya yi ƙasa da 0.4 mai rami ya fi karɓarta, in ya haura 0.5 rufaffe.

Taka sifikar ba ta zo da waɗannan alkaluma ba, don haka rufe ta. Rufaffe yana yafe kuskure. In lita ta ɗan ƙaru ko ta ragu, bes ne zai ɗan canza. Mai rami in aka kuskure, kowace ganga da murya ɗaya za ta fito, bum bum, irin wanda ke gajiyar da kai kafin waƙa ta ƙare. Ka ba kafinta awon ciki santimita 25 da 45 da 22, wajen lita 25 ke nan, kuma ka nanata masa awon ciki ne, don shi da na waje ya saba. Katako mai kaurin milimita 18. MDF ya fi mutuwar amo da sauƙin yanka, amma da ya sha ruwa ya kumbura, ƙurarsa kuma sai da takunkumi. Filawud mai kyau, wanda babu kogo a tsakanin yadudduka, ya fi jure ɗauka da damina. Gam a kowace gaɓa, sukuru ya zo daga baya, sanda ɗaya a ciki ta haɗa bangon hagu da na dama, sannan audugar filo a sassauce, kada a danƙara. In ka gama, tura takardar a hankali da yatsu ka saki. In ta dawo a sannu akwatin ya rufu, in ta dawo nan take ko ka ji huci akwai ɓula.

Wajen jonawa, taɓa wayoyin kowace sifika da batirin tocila mai bolt 1.5. Wayar da in ta taɓa kan batirin takardar ta turo waje, ita ce ta jan waya, ka yi haka ga duka biyun don kada su riƙa cinye bes ɗin juna. A kan TPA3116 kuma baƙar wayar sifika ba sifili ba ce, ita ma wuta take ɗauka. Kada ta taɓa jikin akwatin ƙarfe, kada kuma ka haɗa baƙar hagu da ta dama wuri ɗaya kamar yadda ake yi a tsofaffin rediyo.