Jama'a ku yi hattara da mai sayar da "akwatin shayin Faransa" a Instagram

Salam 'yan uwa. Wallahi ban so yin maganar nan ba dan kunya ma nake ji, amma jiya na ji ta sake cin kuɗin wata baiwar Allah, toh shirun ya isa haka.

Wanda ya san ni ya san ni da son kayan da. Kwanukan jeren kakata har yau suna cikin shogilas ɗina, da tasoshinta da tsohon agogon bangon Baba. Shi ya sa da na ga hoton wani ɗan akwatin ajiye ganyen shayi, baƙi wuluk an masa ado da tagulla, ga ɗan makulli, ciki gida biyu kowanne da murfinsa, nan take na ji raina ya biya. Ta ce min na zamanin sarkin Faransa Napoleon na uku ne, tsakanin 1852 da 1870, wai yayanta ne ya tsinto shi a kasuwar gwanjo ta Saint-Ouen da ke bakin Paris. Matar nan ta iya baki kamar me, ta zauna ta ba ni labarin yadda shayi yake da tsada a Turai a da har sai an kulle shi uwargida ta riƙe makullin, gida ɗaya na koren ganye ɗaya na baƙi. Kuma duk wannan gaskiya ne fa, kasuwar ma tana nan, abin da ya ci ni kenan.

Dubu 185 ta ce, "guda ɗaya ya rage Hajiya, wata a Abuja na jira." Na tura. Bayan sati biyu kuma wai kaya sun maƙale sai an biya kwastan dubu 30, shi ma na tura, kar ku tambaye ni ina hankalina ya tafi.

Ranar da aka karɓo min a tasha ina buɗe kwalin warin gam da sabon fenti suka buge ni. Na sa tsumma na goga gefe sai baƙin ya biyo tsumman, man takalmi ne aka shafa dan ya yi kamar ya tsufa. Mijin ƙanwata kafinta ne, ya juya shi sau biyu kawai ya ce Anti ƙasan nan filawud ne, ya nuna min notin da ya riƙe murfin, mai kan sta ne, irin da bai fito duniya ba sai wajen 1930 da wani abu. Adon tagullar kuwa da ya sa farce ya ɗaga sai ga sitika tana ɓarewa. Na gasken, irin aikin da ake kira Boulle da sunan kafintan Sarki Louis na 14, yanka tagullar ake a dasa ta cikin katako, za ki ji ta a yatsa, in ya tsufa ma har takan ɗan ɗago a gefe. Ta haɗo da wata takardar shaida da Faransanci har da tambari, na tura wa 'yar kawuna da ke Yamai, dariya ta dinga yi ta ce wannan inji ne ya fassara.

Abin da ya ƙara ƙona min rai, mu uku ne yanzu muka haɗu, kowacce an ce mata nata ne kaɗai ya rage, da muka jera hotuna akwati iri ɗaya, har ƙarzuwar da ke kusurwar hagu wuri ɗaya take a duka ukun.

Yanzu ta koma tallan na tangaran tana cewa "kamfanin Limoges". Limoges gari ne ba kamfani ba, masana'antu ne da yawa a can tun bayan da aka gano farar ƙasar yin tangaran a kusa da garin a 1768, kuma buga sunan a gindin kaya ba wuya. Wanda ta ce azurfa ne ku ce ta nuna muku ɗan hatimin kan Minerva, wato hoton kan wata mace, da Faransa ke bugawa a jikin azurfa tun 1838. Akwai wanda take cewa da ƙoƙon kunkurun teku aka yi shi, in gaskiya ne cinikinsa tsakanin ƙasashe ba tare da takardar izini ba haramun ne a dokar CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, in ƙarya ne kuma roba kika saya.

Ni dai ta yi min bulok, ta canja sunan shafin sau biyu. Za ku gane ta da hotuna a kan farin mabul da busassun furanni a gefe, kuma ba ta taɓa yarda da kiran bidiyo, kullum wai ba netwok. Kafin ki tura ko sisi ki ce a juya miki gindin akwatin da cikinsa da notinan kina kallo.

Duk wadda ta tura mata kuɗi ta min magana ta inbos da rasit ɗinta, ranar Litinin za mu je banki mu kai ƙorafi tare.