"But" ko "However": Wacce Za Ka Ɗauka?

Dukansu "amma" suke nufi, sai dai kowace da wurin zamanta. "But" ta yau da kullum ce, waƙafi ɗaya a gabanta ya isa ta haɗa jimla biyu: "I applied, but I was late."

"However" kuwa babbar riga take sawa. Ita ake gani a wasiƙar neman aiki da rahoton ofis, kusan kamar mu ce "sai dai kuma". Waƙafi shi kaɗai ba ya riƙe ta tsakanin jimla biyu, nan ɗalibai ke yawan zamewa. Sa aya ko waƙafi mai ruwa (;) kafin ta, sannan waƙafi bayanta. Takan ma kutsa tsakiyar jimla: "The fee, however, is high." Wannan gatan "but" ba ta da shi.