An yi mini aikin baya a Kumasi: ƙafa ta warke, kugu sai a hankali

Masu tare ni a Aboabo suna tambayar ko aikin ya biya kuɗinsa, amsata e, amma ku san abin da kuke saya. Ni tela ne. Ciwon nan daga ɗuwawu yake tashi, ya bi cinya ya sauka har babban yatsa. Ƙaho da sassaƙe ba su yi mini komai ba. Ranar da silifas ya zame daga ƙafar hagu a hanyar masallaci ban ji ba, ranar na yarda da zuwa asibiti, wani mai zaman kansa a nan cikin gari.

Likitan ya burge ni. Ya ɗora hoton MRI a kwamfuta, ya nuna mini da bakin biro inda faifan da ke tsakanin ƙashi na 4 da na 5 na kugu ya bullo ya danne jijiya. Ya ce, "Alhaji, yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi da magani da motsa jiki cikin mako 6 zuwa 12, ba mu taɓa su da wuƙa. Naka daban ne, ƙafa ta fara mutuwa." Bai kuma ɓoye mini ba cewa ciwon ƙafa aikin ya fi ɗaukewa, na baya yana iya saura. Haka kuwa aka yi.

Yankan bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ɓangaren da ya bullo kawai suka cire. Washegari nas ta tsayar da ni na taka. Azabar ƙafa ta tafi, yatsan dai har yanzu a mace yake. Kusan mako 6 ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, salla a kan kujera, ga tsallen motar haya ta trotro da ya zama abin tsoro.

Inda suka gaza shi ne bayan sallama. Takarda ɗaya ta motsa jiki suka miƙo mini, ba wanda ya gwada mini yadda ake yi, sai da na nemi mai gashin ƙashi da kuɗina. Shi ma hoton daga aljihu na biya, kuma ba arha.

Wanda fitsari ya fara kufce masa ko ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, kada ya tsaya jiran ra'ayin tela. Ya nufi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye a ranar, don jijiyar da ta daɗe a danne ba lalle ta farfaɗo ba.