Mai allon da ya ƙi karɓar kuɗina sai da ya ga shagon

Shagon ɗinki nake da shi a Tarauni, ni da 'yan mata 4 masu koyo. Shekara biyu allona kyallen fleks ne da aka ɗaure da igiya tsakanin wasu sanduna biyu a bakin kwata. Wanda ya buga mini shi wancan karon ko unguwar bai tambaya ba. Na ba shi rubutu, ya ba ni kyalle, muka rabu. Rana ta cinye jan launin cikin 'yan watanni, iskar farkon damina ta yaga shi gida biyu, ranar da masu duba alluna suka zo suka nemi takardar izini kuwa, ba ni da ita, don ban ma san ana yin ta ba. Su aikinsu suke yi. Ni dai na kwance abina na naɗe.

Wata maƙwabciyata mai sayar da humra ce ta kwatanta mini wani shagon masu alluna a wajen Zoo Road. Shago ne ɗan ƙarami, ƙofa ɗaya, injin buga fleks ya cinye rabinsa, warin fenti da gam ya cika ko'ina, a waje kuma yara biyu suna walda. Na je da kuɗina a jaka da niyyar in ba da kafin alkalami in tafi. Mai shagon, dattijo ne da gilashi rataye a wuya, ya ce: "Hajiya, riƙe kuɗinki tukuna. A jikin bango za a maƙala shi, ko ƙasa za a haƙa a kafa?" Na ce ni dai so nake mai wucewa a Adaidaita Sahu ya hango shi daga nesa. Ya ce to sai ya zo ya gani da idonsa.

Washegari bayan la'asar ya zo da tef ɗin awo. Wannan zuwan shi ne abin da ya fi komai daraja a wurina cikin duk aikin. Ya tsaya inda na so a kafa ƙarafan, ya ɗaga kai ya nuna mini wayar wuta da ta ratsa ta saman wurin, wadda kullum nake wucewa ta ƙarƙashinta ban taɓa lura da kusancinta ba. Ya taka zuwa bakin kwanar layinmu, ya durƙusa daidai tsayin mai tuƙa mota, ya kira ni in duba: da an kafa allo a nan, mai fitowa daga layi ba zai ga babur ɗin da ke tahowa ba sai ya sako kai titi. Yara 'yan Islamiyya ta nan suke tsallakawa kowace yamma. Sai da jikina ya yi sanyi. Ya ƙara da cewa daga bakin kwata zuwa titi ba filina ba ne, ba na mai gidan da nake haya ba ne, hanyar jama'a ce, kuma allon da ya hau hanyar jama'a shi ake fara cirewa. Shawararsa ita ce allo mai ƙafa 8 a tsawo, ƙafa 3 a faɗi, a saman ƙofa, a jikin ginin.

Kan batun izini ma bai yi mini rufa-rufa ba. Ya bambanta mini allon da ke jikin shagonka yana faɗin sunanka da sana'arka, da manyan allunan da kamfanoni ke haya a shataletale da kan gadoji. Kowanne da matakinsa da kuɗinsa, kuma girma da wurin da aka kafa su ne ke sa kuɗin ya hau ko ya sauka. Ya ce in je ofis da kaina da hoton gaban shagon da awon allon, in biya ta hanyar da hukuma ta tsara, in karɓi rasit, in ajiye kwafinsa a shago. Kada in miƙa wa kowa kuɗi a hannu a bakin ƙofa, ko wace irin riga ya sa.

Da na ba ƙanena labari, shi da ya karanta shari'a a Jami'ar Bayero, sai ya warware mini dalilin da ya sa 'yan kasuwa ke rikicewa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa kula da tallan waje cikin ayyukan ƙananan hukumomi, dokar haraji ta 1998 ma ta jera kuɗin izinin allo cikin abin da ƙaramar hukuma ke karɓa. Amma jihohi sun shigo ciki. Legas ta kafa hukumar kula da alluna da tallace-tallace mai suna LASAA tun 2006, Kano kuma ta kafa tata hukumar ta alluna da tallace-tallace a 2025. Abin da aka rubuta a jikin tallan kuwa, wannan hurumin ARCON ne, hukumar tarayya mai kula da harkar talla, wadda ta maye gurbin tsohuwar hukumar APCON a 2022. Mai ɗinki da keken ɗinkinta ina za ta san duk wannan? Shi ya sa nake ganin wanda ke buga allo ya kamata ya sani, ya kuma faɗa, tunda shi ne mutum na farko da muke zuwa wurinsa.

Aikin kansa ya yi kyau. Firam ɗin na ƙarfe ne, an shafa masa jan fenti na hana tsatsa kafin baƙi, fleks ɗin mai kauri, an ja shi tsaf babu tattara ko ɗaya. Kusoshi 6 suka huda cikin bulo, babban yaron ya rataya da hannu biyu ya jijjiga a gabana. Kuɗin ya kusan ninka na tsohon kyallena sau uku, kuma ban yi ƙorafi ba.

Inda suka gaza wuri biyu ne. Alkawarin Alhamis aka yi mini, sai Talata ta sama allon ya iso, wai rashin wuta da tsadar man janareto. Uzurin na karɓa, amma da sun kira ni da ban wuni ina leƙen hanya ba. Na biyun ya fi damuna. A samfurin da suka turo mini ta WhatsApp an rubuta "dinki" da "kawa", babu lanƙwasa. Na ce Malam, kayan ƙawa nake ɗinkawa, kuma kawa daban, ƙawa daban. Yaron kwamfutar ya ce salon rubutun da ya zaɓa ba shi da ɗ da ƙ. Sai da na dage, ya sauya salo, haruffan suka fito daidai. Shago a tsakiyar Kano bai kamata sai mai kaya ta roƙa kafin a rubuta mata Hausa daidai ba. Duk wadda za ta je, ta karanta samfurin harafi bayan harafi, har da lambar waya, kafin ta ce a buga.

Damina guda ta wuce a kansa yanzu, launin bai kode ba, ƙusa ko ɗaya ba ta motsa ba. Rasit ɗin yana cikin leda a aljihun teburin yanka, kusa da almakashi. Maƙwabciyata mai humra ta riga ta kira shi ya zo ya auna nata.